Birin da Ya Cije Ni Saura Kwana Shida a Yi wa Yaya Dashen Ƙoda

Salamu alaikum jama'a. Sunana Nura, ɗan Daura ne ni, shekarata ashirin da huɗu. A aji biyu na sakandare na ajiye jaka na hau mashin ina jigila tsakanin Mai'adua da Kongolam, don haka ban iya tsara rubutu ba, yadda zan faɗa da baki haka zan rubuta. Duk wanda aka tura rakiyar maras lafiya ƙasar waje, musamman in shi ne zai ba da ƙoda, don Allah ya daure ya karanta har ƙasa.

Yaya Kabiru wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun rasuwar Baba shi ya riƙe gidanmu. Sana'arsa hatsi, yana saro gero da wake daga Babban Mutum da Mashi yana kaiwa kasuwa. Mutum ne da yake sungumar buhu shi kaɗai.

Da kumburin ƙafa abin ya fara. Takalminsa ya ƙi shiga, ya ce zaman mota ne. Sati na biyu fuska ta fara tashi da safe, tuwo ya fita ransa, ga amai. Kawunmu ya ce 'yan kasuwa ne suka yi masa jifa. Gwaggo ta ce shawara ce, ta kawo jiƙo cikin galan. Ya sha jiƙon nan sati uku, fitsari sai raguwa yake. Da muka je asibiti tun bayan asuba muke bin layin kati, a ce mana mai gwajin bai zo ba, mu dawo Talata. Aka tura mu Katsina, Katsina suka tura mu Kano. A can ne wani likita ya kalli takarda ya ce, "Ƙodar nan ba ciwo take ba, ta gama aiki ne." Har yau maganar tana kaina.

Aka fara wankin ƙoda sau biyu a sati. Wata huɗu muna zarya Kano. Ranar da na'ura ta lalace sai dai mu juyo da shi yana haki a bayan mota. Daga ƙarshe aka ce mafita ɗaya ce, dashe. Aka gwada mu mu uku, tawa ce ta dace. Innarmu ta dube ni ta ce, "Kai da ba ka iya zama wuri ɗaya, yau ga ranarka." Aka sayar da shanu da gonar fadama, dangi suka taimaka, Allah ya saka musu. Muka tafi Indiya mu uku, ni da Yaya da matarsa Anti Rabi.

Asibitin yana wani gari arewa da Delhi. Akwai tafinta, Bashir, ɗan Damagaram ne da yake karatu a can. Likitar wata gajeriyar mata ce mai furfura, ba ta da yawan dariya. Sati uku ana ɗibar jinina, ana ɗaukar hoton cikina, wani kwamiti yana tambayata ko tilasta ni aka yi. Da aka sa ranar aiki, likita ta ce Bashir ya gaya mini: kar in ci abincin titi, kar in yi tafiya, ko mura kar in bari ta kama ni. Ta nuna ƙirjina da biro ta ce, "Jikin nan yanzu ba naka ba ne kai kaɗai."

Na ce to. Amma ku da kuka san ni kun san matsalata. Ɗaki ɗaya muka kama, daga ɗaki sai asibiti, daga asibiti sai ɗaki. Ƙafata har ƙaiƙayi take. Anti Rabi tana tsokanata, "Ƙaramin maigida, ko in ɗaure ka a ƙafar gado ne?" Ni kuwa in gari ya yi wasai, can nesa ina hango duwatsu masu farin kai, irin waɗanda na tashi ina gani a finafinan Indiya.

A ɗakin wankin ƙoda na saba da wani direban tasi, Rakesh. Gadon mahaifiyarsa yana kusa da na Yaya. Da guntun Indiyancin fim da guntun Turanci da nuni da hannu muke hira. Wata rana ya ce zai hau duwatsun nan kwana uku, ya yi alkawarin ziyartar wuraren bautarsu don uwarsa ta samu sauƙi, kuma ba shi da mai taya shi tuƙi. Saura kwana tara a yi aiki, tafiyar kuma jibi ce. Na ce wa su Yaya za ni wani gari duba kayan gyaran mashin, in na samu da sauƙi mu riƙa sarowa. Yaya ya buɗe ido daga kwance ya ce, "Kar ka sha ruwan hanya." Shi ke nan abin da ya ce. Ƙarya na yi masa, shi kuma lafiyata yake tunani.

Hanyar nan ban taɓa ganin irinta ba. Titi yana nannaɗe da dutse, gefe guda rami ne da ba ka ganin ƙarshensa. Motoci cike da masu ziyara, wasu a ƙafa ba takalmi, tsofaffi da sanda, wasu an goya su. Kowane 'yan kilomita akwai wurin bauta, da matakala, da ƙararrawa da kowa yake bugawa in zai shiga, ga ƙamshin turaren wuta. Na farko da na biyu na 'yan Hindu ne. Ni dai in cire takalmi in tsaya daga farfajiya ina kallo. Ban rusuna wa komai ba, Allah shaida ne. In lokacin salla ya yi Rakesh ya tsayar da mota, ya shimfiɗa mini tabarmar but ɗin motar, ya tsaya yana kare ni daga masu wucewa. Na ga wata mata ta kifa goshi a matakala tana kuka riƙe da hoton yaro, sai na tuna Inna a kan sallaya.

A na uku ne abin ya faru, rana ta biyu da hantsi. Matakalarsa ta fi ɗari, birai ko'ina, a kan katanga, a kan rufi, ba mai ce musu kanzil. Rakesh ya fito ya ba ni wata leda da alewar da ake rabawa a ciki, ya ce in riƙe zai ɗauko takalminsa. Ni ba ci zan yi ba, amanar mutum ce kawai a hannuna. Sai wani ƙaton biri ya diro ya cafke ledar.

To a wurinmu biri ɓarawon gona ne. Tun ina ƙarami a gonar kakanmu jifa muke yi masa, in ka sakar masa gobe da dangi zai dawo. Jama'a suna ta ihu suna nuna mini in saki, ni kuwa na ce wallahi biri bai isa ba. Na fizge, na kai masa mangari. Sai ya kafa mini haƙora a damtsen dama, sama da gwiwar hannu, ya tafi da ledarsa.

Jini yana zuba, na yi abin da duk ɗan acaɓa yake yi in ya faɗi. Na buɗe mota na ɗauko man birki na tsiyaya a ciwon, na ɗaure da tsumman goge gilashi. Rakesh ya dafe kai yana cewa asibiti, allura. Na ce a'a. A tunanina in suka karɓi fasfona suka rubuta, labari zai kai wa likitarmu.

Washegari muka kai can sama, wurin mabiya Buda. Nan shiru ne, ba hayaniya. Ƙananan tutoci kala-kala a jikin igiya iska tana kaɗa su, ga wasu gangunan tagulla a jere mutane suna juya su suna wucewa. Ƙanƙara kuwa ga ta nan a kan dutse kamar ka miƙa hannu. Abin da na zo gani ke nan, amma hannuna yana bugawa kamar ana sara. Wani dattijo mai jan mayafi, kansa a aske ƙwal, ya ga tsumman. Bai tambaye ni komai ba, ya ja ni bakin famfo, ya kwance, ya sa sabulu ya yi ta wankewa da ruwa mai sanyin tsiya har na daina jin yatsuna. Da ya gama ya nuna ciwon, ya yi alamar allura da yatsa, ya nuna hanyar gangara. Sau uku yana maimaitawa. Na ce masa na gode da Hausa, na sake rufewa.

Muka dawo saura kwana biyar. Na sa kaftani mai dogon hannu cikin zafi. Anti Rabi ta ce, "Ina kayan mashin ɗin?" Na ce sun yi tsada. Ta ce, "Wannan dogon hannu fa, zance za ka?" Na yi dariyar yaƙe.

Saura kwana huɗu, wurin ya kumbura ya yi ja. Saura uku, zazzaɓi. Ina haɗiyar farasitamol a bayi, in an zo ɗibar jini in miƙa hagu. Ranar Inna ta kira. Ta ce an yi saukar Alƙur'ani a gida, liman ya ambaci sunana a masallacin unguwa, mata suna ta shigowa suna cewa ta haifi ɗa. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Nura. Duk yawon da ka yi na yafe." Na ce mata layin ne ba kyau.

Abu biyu nake tsoro. In na faɗa za a ɗage aikin, ga Yaya kullum ƙara zubewa yake. Kuma za a ce a Daura an tura Nura jinya ya ɓige da yawon gidan gumaka. Na ce a raina ciwo ne zai warke, na sha faɗuwa a mashin fiye da haka.

Saura kwana ɗaya na tare Bashir a wurin shan shayin asibiti. Na ce, "Malam Bashir, wani abokina ne biri ya cije shi, akwai matsala?"

Ya ajiye kofi. "An yi masa allurar haukan kare?"

"Ai biri ne, ba kare ba."

"Biri ma yana ɗauka. Kuma in cutar ta fara nunawa a jiki, magana ta ƙare." Ya kalli hannuna. "Abokin nan naka, ba dai ƙoda zai bayar ba ko?"



Ya ce, "In tana jikinsa, za ta iya bin ƙodar ta shiga jikin wanda aka sa wa. Shi kuma an riga an kwantar masa da garkuwar jiki da magani. Ka gane?" Ya miƙe. "Ni aikina fassara ne. Gobe likita za ta tambaye ka. In ka ce a'a, a'a zan ce mata. Amma ka sani ni da kai za mu tsaya gaban Allah da ita."

Da safe aka kwantar da mu. Yaya a gado an yi masa aski, yana ta murmushi, rabon da in ga haƙoransa na manta. Anti Rabi tana gefe da carbi. Likita ta shigo da takarda tana jero tambayoyi, Bashir yana juyawa. Tari? A'a. Gudawa? A'a. Ka yi tafiya? Wata dabba ta cije ka ko ta yakushe ka?

Bashir bai kalle ni ba, ƙasa yake kallo. Na ji a'a ta taho har bakina. Kalma ɗaya ce, a gama komai yau. Sai Yaya ya ce, "Amsa mata mana, yunwa nake ji, a yi a gama."

Na naɗe hannun riga.

Likita ta cire tabarau ta duba ciwon, ta shinshina, ta tambayi me na zuba. Da Bashir ya gaya mata man birki, ta rufe ido na ɗan lokaci. Ta tambayi yaushe, a ina. Na faɗa duka, a gabansu. Ta rufe fayil ta ce ba aiki. Sai an gama allurai, ciwon ya warke, an ga yadda jikina zai yi. Aƙalla sati shida.

Anti Rabi ta miƙe, carbin ya faɗi. "Sati shida? Nura, ka kalle shi! Ka kalli mutumin nan ka ce mini yana da sati shida! Gonar 'ya'yana aka sayar, ka tafi kallon gumaka kana kokawa da biri?"

"Anti, don Allah..."

"Kar ka ƙara ce mini Anti."

Ta fita. Daga ranar wasan da ke tsakaninmu ya mutu, abinci ma sai dai ta ajiye ta juya baya. Yaya ya daɗe yana kallon silin. Na durƙusa a bakin gado ina jiran ya zage ni. Sai ya ce, "Farin nan da ke kan duwatsun, da gaske ƙanƙara ce?" Na ce e. Ya ce, "Ikon Allah." Ya juya fuska bango. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar aka fara mini allura, wata a cikin ciwon da zagaye da shi, wadda ta fi cizon zafi. Sauran a kafaɗa, ana tsallake kwanaki. Aka matse ruwan ciwon aka ba ni ƙwayoyi. Likita ta ce wankin sabulun da dattijon nan ya yi mini ya taimaka, man birkina kuwa naman ya ƙona.

Inna kuwa Yaya ne ya ce in gaya mata da bakina. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Ka yi musu sujada?" Na ce wallahi a'a. "Ka ci yankansu?" Na ce a'a. "Ka bar salla?" A'a. Ta ce, "To shi birin, gadon ubanka ya ɗauka da ba za ka sakar masa ba?" Sai ta fashe da kuka ta kashe waya.

Sati na farko da na biyu aka ci gaba da wanki, muna lallaɓawa. Mai ɗakin da muke haya ya fara ɓata rai, takardar zamanmu sai da aka je aka ƙara wa'adi, yini guda a layi. A sati na uku abin da nake tsoro ya zo. Ana tsakiyar wanki Yaya ya fara rawar ɗari, gado har ƙara yake. Robar da aka sa masa a wuya don wankin ce ta ɗauki ƙwayar cuta, ta shiga jini. Da an yi aiki a ranar da aka sa, da tuni an cire ta. Ba wanda ya gaya mini haka, ni na sani.

Aka shiga da shi ɗakin masu tsanani, inda mutum ɗaya ake bari ya leƙa, minti kaɗan. Kwana tara. Ni da Anti Rabi a benci ɗaya, ita can ƙarshe ni nan ƙarshe. Duk lokacin da ƙofa ta buɗe mu miƙe tare. A kwana na uku likita ta ce maganin farko bai yi ba, za su sa mai ƙarfi, amma yana iya taɓa ji. Ta miƙo takarda a sa hannu. Anti Rabi ta turo mini ita ba ta kalle ni ba, ta ce, "Kai ka jawo, kai za ka sa." Na sa.

Ni kuma a lokacin duk ruwan da zan sha sai na tsaya na ji ko maƙogwarona zai ƙi karɓa, don Bashir ya ce haka cutar haukan kare take farawa.  Rakesh yana zuwa kullum da ayaba, ya zauna kusa da ni. Shi ma yana ganin laifinsa ne, alhali sau nawa ya ce mu je asibiti na ƙi.

Rana ta goma aka fito da Yaya. Ya rame har na kasa gane wuyansa. Sai da aka ƙara sati uku a kan shidan kafin likita ta yarda jikinsa zai ɗauki aiki. Ranar da ta sake jero tambayoyinta, har cizon sauron da ke ƙafata sai da na nuna mata. A ranar kaɗai na ga ta yi dariya.

An yi aikin ranar Laraba. Da na farfaɗo cikina kamar an ɗora dutse, Bashir ya leƙo ya ce ƙodar ta kama, fitsari yana zuba a leda. Ya ce Anti Rabi tana can ta tasa ledar a gaba tana kuka tana hamdala, ma'aikata sun rasa yadda za su yi da ita.

Ina godiya ga likitar nan, da Bashir da bai tona ni ba kuma bai rufa mini ba, da Rakesh, Allah ya ba mahaifiyarsa lafiya, da dattijon da ban san sunansa ba. Ƙorafina ɗaya ne, an ce kar in ci abincin titi, an ce kar mura ta kama ni, amma ba wanda ya zaunar da ni ya ce mini ga abin da ƙaramin ciwo a jikina zai yi wa Yaya. Ko da yake ko an faɗa ban san ko zan ji ba. Ku dai in dabba ta cije ku, a can ko a nan, sabulu da ruwa da yawa, sannan asibiti a ranar. Kuma kar ku ɓoye wa likita.

Yanzu wata bakwai da dawowarmu Daura. Yaya yana cin tuwo, ya koma kasuwa, sai dai ba ya ɗaga buhu. Amma maganin nan ya tafi da kunnensa na hagu gaba ɗaya, na daman ma sai an ɗaga murya. Mai hatsi kuwa da kunne yake ciniki, a cikin hayaniya, mutum uku suna taya kaya lokaci guda. Ranar farko da ya koma, wani ya taya wake, Yaya ya ji ba daidai ba ya sallama, yaran kasuwa suna dariya. 

Washegari na jingine mashin a zaure na bi shi. Tun daga ranar duk ranar kasuwa ina zaune ta damansa a kan buhu, daga safe har la'asar. In an yi magana in sunkuya in maimaita masa a kunne. Abokaina na tasha in sun wuce suna yi mini hon, "Nura, Kongolam! Taso mu je!" Ƙafata takan motsa, ba zan yi ƙarya ba. Jiya ma sai da suka tsaya suna kira, Yaya ya ga bakinsu yana motsi, ya juyo ya ce, "Me suke cewa?"

Na sunkuya na ce, "Gaishe ka suke, Yaya."

Ya ɗaga musu hannu.